Wace Kyamara Ce Ta Dace da Aikinka?

Mutum huɗu za su shiga shagon kyamara a rana ɗaya. Na farko zai fara ɗaukar hoton biki, na biyu dawakan Hawan Daushe yake son ɗauka, ta uku tana sayar da atamfa da leshi a Instagram, na huɗu kuma tafsirin azumi yake son watsawa kai tsaye a Facebook. Duk huɗun tambayarsu ɗaya ce: "Megafiksel nawa ce?" Alhali kayan da za su fisshe ɗayansu ba su ne za su fisshe ɗan'uwansa ba, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da yawan megafiksel zai warware wa matsala.

Ga lissafin. Megafiksel ɗaya ɗigo miliyan ɗaya ne a cikin hoto. Kyamara mai megafiksel 24 tana ba da hoto mai ɗigo 6000 a tsawo, 4000 a faɗi. In aka wanke shi da ɗigo 300 a kowane inci, wanda shi ne ma'aunin wanki mai kyau, zai ba da inci 20 da inci 13. Firem na falo mai inci 24 da 16 ma zai fito tas, tunda ba kusa da ido ake kallonsa ba. Instagram kuwa rage hoto take yi zuwa kimanin ɗigo 1080 a faɗi, WhatsApp ma matse shi take yi. Bidiyon 4K da ake ta kururutawa, kowane hoto guda a cikinsa bai kai megafiksel 9 ba. Don haka tsakanin 20 da 26 ya wadatar da kusan kowa. Mai 45 tana da amfani ga wanda zai yanke hoto ƙwarai, kamar mai ɗaukar tsuntsaye, amma za ta cika maka kati da wuri, kuma sai ka nemi kwamfuta mai ƙarfi kafin ka gyara hotunan cikin kwanciyar hankali.

Abin da ya fi cancanta ka tambaya shi ne girman sensa, wato farantin da haske ke sauka a kansa a cikin kyamara. Babbar da ake kira ful-firem milimita 36 ce da 24. Mai bi mata, APS-C, kimanin 23.5 ce da 15.6 a Nikon da Sony da Fujifilm, ta Canon kuwa 22.3 da 14.9. Sai Micro Four Thirds ta Panasonic da Olympus mai 17.3 da 13. Babbar sensa ta fi tara haske, saboda haka in ka ɗaga ISO, wato ƙarfin jin haske na sensa, zuwa 3200 ko 6400 a wuri mai duhu, hoton ba ya yin yashi-yashi kamar na ƙarama. Tana kuma sauƙaƙa narkar da bayan mutum ya yi dishi-dishi, abin da amare ke so. Ƙaramar sensa kuwa tana sa lensi ya zama kamar ya fi tsawo: a APS-C sai ka ninka lambar lensin sau 1.5, ko 1.6 a Canon. Lensi mai milimita 50 zai nuna maka abin da mai 75 ko 80 ke nunawa a ful-firem. Wannan alheri ne ga mai ɗaukar abu daga nesa, amma takura ce ga wanda ke cikin ɗakin amarya mai cike da 'yan kamu, inda ba shi da wurin ja da baya.

Gidan da ka shiga

Wanda ya sayi kyamara mai canjin lensi gida ya shiga, kuma fita daga gidan tana da tsada. Gangar kyamarar za ka canza ta bayan 'yan shekaru. Lensuna da filasha da batura su ne za su zauna da kai. Kusan kowane kamfani da irin bakinsa, wato wurin da ake ɗaura lensi, lensin wannan ba ya shiga na wancan.

A nan ne mutane suka fi asarar kuɗi, don haka bari a fayyace. Canon tana da bakin EF tun 1987, na kyamarori masu madubi da ake ce wa DSLR. Lensin EF-S na ƙananan ne kawai, irin su 700D da 80D. Ba zai hau 6D ko 5D ba. A 2018 ta fito da bakin RF na marasa madubi, kuma da adafta duk lensunan EF da EF-S suna aiki a kansa lafiya lau. Tarkon shi ne EF-M, bakin M50 da 'yan'uwanta: kamfanin ya daina wannan layin, kuma lensin EF-M ba ya hawa RF ko da adafta. In za ka sayi M50 don araharta, ka saya da sanin cewa duk lensin EF-M da ka tara a kanta zai ƙare.

Nikon bakinta na F tun 1959 yake, na Z kuma ya zo a 2018, da adaftar FTZ a tsakani. Nata tarkon daban ne. Ƙananan kyamarorinta na jerin D3000 da D5000 ba su da injin juya fokas a jikinsu. In ka ɗaura musu tsohon lensin 50mm f/1.8D, zai ɗauki hoto amma sai ka saita fokas da hannu. Wanda zai yi maka aiki shi ne mai alamar AF-S, wato 50mm f/1.8G. Adaftar FTZ ma ba ta juya fokas ɗin waɗannan tsofaffin lensunan na D. Sony kuwa baki guda take amfani da shi, wato E, a ƙanana da manya, sai dai lensin da aka yi don APS-C in ya hau A7 zai rage girman hoton.

Kafin ka zaɓi gida, duba garinku. Wace kyamara abokan sana'a suka fi riƙewa? In batir ɗinka ya mutu ana tsakiyar biki, ko lensi ya faɗi, wa za ka ara a wurinsa? Mai gyara mafi kusa, wace iri ya iya, kuma kayan gyaran wace iri yake samu? A ganina wannan ya fi bambancin launi da ake ta musu a kai tsakanin Canon da Nikon muhimmanci nesa ba kusa ba.

Mai madubi ko marar madubi? Kamfanoni sun koma ga marasa madubi, sababbin lensuna can suke fita. Fokas ɗinsu yana bin idon mutum da kansa, kuma kana ganin hasken hoton a maleƙa kafin ka danna. Su kuma masu madubi sun yi araha a kasuwar kayan hannu, kuma batirinsu yana jimawa: a ma'aunin kamfanoni Nikon D750 tana ɗaukar hoto 1230 da caji ɗaya, Sony A7 III kimanin 610 zuwa 710, Canon RP kuwa kimanin 250. Ga wanda wuta ba ta zama a unguwarsu, wannan lamba ba abin rainawa ba ce.

Biki

Hoton biki shi ne ya fi wahalar da kyamara, domin a yini ɗaya za ta haɗu da matsaloli biyu masu kishiyantar juna. Da safe ko bayan Juma'a akwai ɗaurin aure a tsakar rana: ango da abokansa cikin farar shadda mai ƙyalli, fuskokinsu kuma a inuwar hula. In ka auna haske a kan fuska, rigar ta ƙone ta zama fari fat, aikin ɗinkin ya ɓace. In ka auna a kan riga, fuska ta yi duhu. Maganin shi ne ka ɗauka da RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta matse ba, ka kare farin kada ya ƙone, daga baya ka ɗago fuskar a kwamfuta, ko kuma ka cika inuwar da filasha tun a wurin. Nan ne sensa mai kyau ke nuna kanta: wadda za a ɗago duhunta ba tare da fatar mutum ta yi tsaki-tsaki ko ta koma kore-kore ba. D750 ta 2014 da A7 III ta 2018 sun yi suna a wannan. Tsofaffin Canon irin 5D Mark III ta 2012 ba su kai su jure ɗagowa ba, sai mai ita ya kula da awon haskensa tun farko.

Da dare kuma ga zauren dina, haske kaɗan, fitilu masu launi suna yawo, amarya tana tafe ana liƙi. Lensin da ke zuwa da kyamara, 18-55mm f/3.5-5.6, a nan yake gazawa. In ka ja shi zuwa 55, ƙofar haskensa ta tsuke zuwa f/5.6; yadda lambar f ke ƙaruwa, haka ƙofar ke tsukewa. Lensi mai f/1.8 yana shigar da haske kusan ninki 10 na wannan. Ma'ana, inda na farko zai tilasta maka ISO 12800, na biyu zai ba ka hoto iri ɗaya a kusan 1250. Shi ya sa 50mm f/1.8, wanda yana cikin mafi araha a kowane kamfani, shi ne ya kamata ya zama saye na biyu bayan kyamara. In APS-C ce da kai, 35mm f/1.8 ya fi dacewa da cikin ɗaki. Mai ƙarfin aljihu ya nemi 24-70mm f/2.8 don yawan aiki, da 85mm f/1.8 don hoton amarya ita kaɗai.

Amma a kula: f/1.8 na mutum ɗaya ne. In dangin ango suka jeru sahu biyu ko uku ka ɗauka da f/1.8, na gaba za su fito, na baya su dushe. Hoton taro f/5.6 zuwa f/8 yake so, wanda ke nufin sai da filasha. Filashar da ke maƙale a kan kyamara ba ta wuce mita kaɗan, kuma tana sa goshi ƙyalli. Ta ɗorawa, irin Godox TT685 ko V860, wadda kanta ke juyawa, ita za ka harba wa farin silin ko bango hasken ya dawo da laushi. Kowace filasha da kamfanin da aka yi ta dominsa, harafin ƙarshen sunanta ke nunawa: C na Canon, N na Nikon, S na Sony. Wasu daga cikin ƙananan Canon, 2000D da 4000D da 250D, an yi su babu ƙarfen tsakiya a mazaunin filasha, don haka filasha da yawa na wasu kamfanoni ba sa tashi a kansu. Leƙa mazaunin da idonka kafin ka biya.

Sai abu ɗaya da ba na sassautawa a kansa ga mai karɓar kuɗin mutane: ramin kati biyu. Kati yana mutuwa ba sallama, kuma ba a sake ɗaura aure don hoto ya ɓace. Kyamara mai rami biyu tana rubuta kowane hoto a katuna biyu lokaci guda. Nikon D7200, D750 da Z5, Canon 5D Mark III da IV da R6, da Sony A7 III duk suna da biyu. Canon 6D, 6D Mark II, EOS R, RP da R8, da Nikon D7500 ɗaya gare su. Ita 6D ta farko hotonta a duhu yana da kyau matuƙa, amma wuraren fokas ɗinta 11 ne kacal, kuma na tsakiya ne kawai abin dogaro. Ga amarya mai rawa za ka zubar da hotuna da yawa.

Dawakai, kokawa, tsuntsaye

Ranar hawan sallah a Kano, Katsina ko Zariya, ba za ka kusanci dawakin da ke sukuwa ba, kuma lokacin jafi daƙiƙa kaɗan ne. Kana buƙatar shota, wato labulen da ke buɗewa haske ya shiga, mai saurin 1/1000 na daƙiƙa ko fiye, fokas mai bin abin da ke gudu, da kyamarar da ke harba hoto 8 zuwa 10 a daƙiƙa. Rana tana da yawa, don haka ful-firem ba dole ba ce. APS-C ma ta fi, saboda ƙarin tsawon da take ba lensi. Nikon D500 da D7500, da Canon 7D Mark II da 90D duk sun isa. Lensi 70-300mm zai yi, 70-200mm ya fi kaifi. Mai f/2.8 yana da nauyin kusan kilo 1.5, mai f/4 kimanin rabin haka, kuma wanda zai tsaya daga la'asar zuwa magariba cikin cunkoso zai ji bambancin a wuyansa. Haka filin kokawa yake a Nijar, da dambe.

Tsuntsayen fadamar Hadeja da Nguru ko namun dajin Yankari milimita 400 suke nema zuwa sama, irin 150-600mm na Sigma ko Tamron. Wanda sha'awa ce kawai ta kai shi, Nikon P900 ko P1000 masu dogon zum za su jawo masa abu daga nesa sosai da rana, amma sensarsu ƙarama ce, da yamma ta yi hoton ya lalace.

Mai sayar da kaya a intanet kuwa, shawarata kada ta yi gaggawar sayen kyamara. Wayar zamani mai kyau, da ƙafar ɗora ta, da hasken taga ko fitila mai laushi, da farin kwali na mayar da haske, sun isa. Abin da ke jawo rigima da mai saye launi ne: atamfa ta fito shuɗiya a hoto, ta isa hannu tana kore. Wannan daga gauraya hasken kwan lantarki da na rana yake zuwa. A kashe ɗaya, a saita ma'aunin fari a kan farar takarda.

Bidiyo mai tsawo

Yawancin DSLR da tsofaffin marasa madubi suna tsayar da ɗauka a minti 29 da daƙiƙa 59. Ga mai ɗaukar tafsiri, wa'azi ko lacca ta awa biyu, wannan kaɗai ya isa ya fitar da su daga lissafi. Sony a6400 da Panasonic GH5 ba su da wannan iyaka, haka ma kyamarar bidiyo ta ainihi, wadda sau da yawa ita ce ta fi dacewa da irin wannan aiki. Duba ko akwai ramin makirufo na milimita 3.5: Nikon D3400 da D3500 da Canon 2000D ba su da shi, kuma mutane suna haƙuri da hoto mai rauni amma ba sa haƙuri da sauti mai amo. In watsawa kai tsaye za ka yi, tabbatar tana fitar da hoto ta wayar HDMI ba tare da rubuce-rubucen allo ba, ka kuma nemi batirin da ake jonawa da wuta.

Wutar Najeriya da Nijar tana bugawa sau 50 a daƙiƙa. Saita kyamara a tsarin bidiyo na PAL, hoto 25 ko 50 a daƙiƙa, shota 1/50 ko 1/100. In ka bar ta a saitin Amurka na 30 ko 60, za ka ga fitilu suna ƙifta ido a bidiyon. A hoton tsaye ma, shota marar ƙara ta lantarki tana jawo ratsi-ratsi ƙarƙashin fitilun LED. Koma wa shota ta inji.

Zafi da ƙura

Kamfanoni suna rubuta cewa kyamarorinsu na aiki daga digiri 0 zuwa 40. A watan Afrilu, Sakkwato da Maiduguri da Yamai suna wuce 40 a inuwa. Hoton tsaye ba ya cika damuwa, amma 4K a ƙaramar ganga yana sa ta yi zafi ta kashe kanta. Janye allon baya daga jikinta, yi mata laima, sauka zuwa 1080 in aikin mai tsawo ne, kuma kada ka bar ta a rufaffiyar mota.

Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba, musamman ga marar madubi, wadda sensarta ke fili da zarar an cire lensi. Kashe ta kafin ka canza, fuskarta na kallon ƙasa, ka juya wa iska baya. A filin hawa ma gara kada ka canza sam. Mahurin roba na hannu ya isa ga yawancin ƙura. Kada ka hura da baki, kada ka goga da gefen riga. Da damina kuma laima ke sa fumfuna a cikin lensi. Ajiye kaya a roba mai murfi da ƙullin silika, kuma in ka fito daga mota mai sanyi, bar ta a jaka minti 15 zuwa 20 kafin ka buɗe, don kada gilashi ya yi raɓa.

Sayen ta hannu

Mafi yawanmu ta hannu za mu saya, kuma ba laifi, in an duba. Je da katinka da kwamfuta in da hali. Fara da adadin bugun shota: an ƙiyasta wa 6D 100,000, D750 da 5D Mark III 150,000, A7 III 200,000. Ba wai tana kaiwa za ta mutu ba, amma wadda ta ci kashi uku cikin huɗu dole farashinta ya sauka, domin canjin shota na tafe. Nikon da Sony suna rubuta adadin a cikin bayanan hoto; yawancin Canon sai an jona da kwamfuta.

Saita f/16, ɗauki sararin sama ko farin bango, ka buɗe hoton da girma: ɗigo-ɗigo ƙura ce, ana wankewa, amma dogon layi karce ne, ka bar ta. Rufe lensi da murfi ka ɗauka na daƙiƙa biyu. 'Yan ɗigon ja ko shuɗi kaɗan ba komai, da yawa kuwa sensa ta gaji. Haska fitilar waya ta cikin lensi: zare-zare kamar saƙar gizo fumfuna ce, kuma tana yaɗuwa. Ɗauki rubutun jarida a karkace da f/1.8 ka ga ko layin da ka saita ne ya fito ko na bayansa; manyan DSLR suna da wurin gyara wannan kuskure a menu, ƙananan ba su da shi. Danna kowane maɓalli, juya kowace ƙafa, gwada ramukan kati duka, ka duba sukurori ko an taɓa kwance su.

In kuɗinka kashi 10 ne, a ganina kada ganga ta ci fiye da 5. Uku na lensi, biyu na filasha da ƙarin batir da katuna. Batir na asali biyu aƙalla ga mai madubi, uku ko huɗu ga marar madubi in aikin yini ne. LP-E6 na Canon da EN-EL15 na Nikon suna shiga kyamarori da yawa na gidansu, don haka samunsu da aronsu ba wuya.

Kati kuma, nemi mai alamar V30 ga 4K na yau da kullum. Yana rubuta aƙalla megabayit 30 a daƙiƙa. Mai gigabayit 64 yana ɗaukar RAW kimanin 2000 na megafiksel 24, ko bidiyo kusan minti 85 a megabit 100. Jabu sun cika kasuwa: a rubuce 128, a ciki 16, kuma ba za ka gane ba sai ya cika ya fara cinye hotunan farko. Kafin ka kai sabon kati wurin aiki, cika shi taf da manhajar H2testw a kwamfuta ta karanta maka ainihin girmansa, sannan ka goge shi daga menu na kyamarar da za ta yi amfani da shi.